Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Sarakunan Zango Da Limaman Kumasi A Kan Wanda Muke Tashi Mu Ba Kujera

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin iyayenmu sarakuna, ya ƙara musu lafiya da jinkiri mai amfani. Allah ya gafarta wa malamanmu limamai, ya saka musu da alheri a kan tsayuwar da suke yi a gabanmu sau biyar kowace rana. Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ɗa a gaban iyayensa, ina neman izini in faɗi wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina neman afuwa tun kafin in fara, domin na san ba al'adarmu ba ce talaka ya yi wa manya magana a bainar jama'a. Na zaɓi rubutu ne saboda da na zo fada na durƙusa in faɗe ta da baki, da kunya ta sa na haɗiye rabinta kafin in kai ƙarshe.

Ni tela ne a Aboabo. Na haura shekara talatin a kan keken ɗinki, kuma na yi wasu shekaru ina riƙe da littafin gudummawa na masallacin unguwarmu. Ilimina bai wuce na allo da abin da na tsinta a zauren malamai bayan magariba ba, saboda haka ba fatawa na zo bayarwa ba. Abin da nake da shi kawai shi ne na auna dubban mutane daga kafaɗa zuwa idon sawu, na ji abin da suke faɗa sa'ad da suke zaɓen zare, sannan na rubuta sunayensu a littafin bashi da na sadaka.

A 'yan shekarun nan da wuya a sauko daga mumbari, ko a watse daga maulidi, ko a tashi daga zaman sulhu, ba a ambaci lalacewar samarinmu ba: damfarar intanet da ake kira sakawa, cacar ƙwallo a waya, ƙwayar tiramadol, da zaman bes, wato majalisar samari, tun hantsi har tsakar dare ana dafa ataya. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana yi mini ciwo kamar yadda yake yi muku. Ƙasar nan tamu Ghana ta ari kalmomi daga bakinmu muna alfahari, ta ɗauki wake ta mai da shi waakye, ta ɗauki tuwon zafi har ta taƙaita sunansa, amma abin takaici ne a ce cikin abin da ta ara har da sunan damfarar intanet. Sai dai duk lokacin da na ji ana yi wa yaran nan faɗa a kan kwaɗayi, karin maganar nan nake tunawa, cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun yi magana a kan ɓera har mun gaji. Ina roƙon a ba ni dama in yi magana a kan daddawa.

A shagona ba kasafai mai ɗinki yake tambayata ko yadin zai daɗe bai koɗe ba. Tambayar da na fi ji ita ce: "Wa ka taɓa yi wa irin wannan aikin?" Idan na ce babu kowa, sai fuskarsa ta saki. Idan na ce na yi wa Alhaji wane, sai ya ce a ƙara masa wani abu a aljihu ko a wuya wanda na Alhajin ba shi da shi. Mutum zai kawo shadda mai tsada ya ce a cika ta da aiki tun daga wuya har cibiya, aiki mai nauyin da idan ya sa rigar a zafin watan Maris sai gumi ya jiƙa shi sharkaf kafin a idar da ɗaurin aure. Ya san zai sha wuya, amma ai ba don fatarsa ya ɗinka ba. Daga nan na gane cewa ciki yana da iyaka, kwano biyu ya ƙoshi, jiki ma riga ɗaya yake iya ɗauka a lokaci guda, amma son a dube ka a ce ka fi wane ba shi da ma'auni. Ku kuka karantar da mu cewa da ɗan Adam yana da kwari biyu cike da dukiya da ya nemi na uku, kuma ku kuka fassara mana Suratut Takasur, inda abin da aka ce ya shagaltar da mutane shi ne gasar yawa, wato rige-rigen a ce nawa ya fi naka. Yaron da ke mafarkin mota a Sawaba ko Akwatia Line ba ƙarfe da taya yake so ba, pragya ma, keken haya mai ƙafa uku, tana kai shi inda za shi. Gaisuwar da motar ke jawowa yake so, da yadda dattijo ke matsawa a kan benci, da yadda sunansa ke sauyawa daga "kai yaro" zuwa "Alhaji".

Kada a fahimce ni kamar ina zargin neman duniya. Nema ne ya kafa zangon nan, sunansa ma daga masaukin ayari ya samo asali. Kakanninmu sun baro Kano da Katsina da jakuna, suna bin madugu wata da watanni zuwa Gwanja, domin goron da ke fitowa daga dajin Asante. Salaga, babbar kasuwar Gwanja, ta cika ta batse da su. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874 kasuwarta ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 ya watsa mutanenta, sannan da jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903 fatauci ya ƙara karkatowa nan. Mutanen da suka yi wannan tafiya ba masu gudun duniya ba ne. Amma ciniki a wancan lokaci a kan baki yake tafiya: maigida ya sauki baƙo, ya tsaya masa, a ba da kaya bashi ba takarda ba sa hannu, kuma wanda ya ci amana sau ɗaya labarinsa kan riga shi isa gida. Suna shi ne jari. Duk da haka ba zan yi wa magabata ado da abin da ba su da shi ba, domin kasuwar da aka sayar da goro a Salaga ita ce aka sayar da bayi, kuma Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi a 1934, ya yi Waƙar Talauci da Wadata a kan wannan hali namu, yadda ake raina talaka a taro ko da gaskiya ya faɗa, ake girmama mai dukiya ko me ya zo da shi. Cutar tsohuwa ce ke nan. Abin da ya sauya shi ne yanzu mun ba ta lasifika.

Bari in bayyana yadda taron neman gudummawa yake gudana, kamar yadda na gan shi daga teburin marubuci. Ana jera kujerun roba, a gaba kuma a ajiye masu laushi da aka aro daga wani gida. Mai gabatarwa ya riƙe makirfo, ya kira sunan babban baƙo tare da kirari, ya faɗi abin da ya bayar, jama'a su yi kabbara. Akwai wata dabara da ke ba ni dariya da baƙin ciki a lokaci guda. Tun watan Yuli na 2007 aka sauya kuɗin ƙasar nan, tsohon sidi dubu goma ya koma sabon sidi ɗaya, amma har yau idan mutum ya ba da sidi ɗari biyar sai ka ji an shelanta cewa ya ba da miliyan biyar, domin miliyan ta fi cika baki. Bayan an gama da manya sai a zagaya da kwano. Tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai tun asuba ta kunce bakin zanenta ta jefa sidi biyar a ɓoye, tana kare hannunta kada a gani, alhali ƙila abin da ta bayar ya fi rabin ribarta ta ranar, shi kuwa na kujera mai laushi bai ba da kuɗin man motarsa na mako ba. A littafina shi yana da layi da suna, ita kuwa tana cikin "sauran jama'a". A bayan rumfa yara ne tsaye suna kallo, kuma darasin da suka ɗauka a wannan yammaci ya fi zama a ƙwaƙwalwarsu fiye da wa'azin da aka buɗe taron da shi. Ban taɓa ji a irin wannan wuri an tambayi inda miliyoyin suka fito ba, ko da a raɗa, alhali ku kuka sanar da mu cewa ƙafar bawa ba za ta gusa ba ranar hisabi sai an tambaye shi dukiyarsa, ina ya samo ta kuma ina ya kashe ta, kuma Allah mai tsarki ne, ba ya karɓar sai mai tsarki.

Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani, saboda haka bari in sauko kan nawa. Akwai wani yaro da na sani tun yana rataye allo, ɗan wani kafinta a unguwarmu. Ya yi shekara biyu a wurina yana koyon ɗinki, hannunsa ba laifi, sai ya gaji ya tafi Accra. Bayan shekara uku ya dawo ana saura kwana goma salla, cikin mota mai baƙin gilashi, ya zube mini shadda kala goma a kan tebur, ya biya kuɗin ɗinki duka nan take ba tayi, har ya ƙara mini da abin da ya kira kuɗin goro. Na san bai ƙarasa koyon sana'a ba, na san ba shi da shago, na san bai yi karatun da zai ba shi irin wannan aiki ba. Ban tambaye shi komai ba. Na tashi tsaye na karkaɗe masa kujerata, na ce masa "ranka ya daɗe", yaron da nake aike ya sayo mini koko. A kan ƙusa kuwa akwai yadin wani tsohon malamin makaranta da ya riga kowa kawowa, ya ba da kafin alƙalami tun farkon azumi yana ƙirgo kuɗin daga cikin ambulan. Na ture nasa gefe. Ranar idi malamin nan da tsohuwar rigarsa ya je filin salla.

Mahaifin yaron shi kaɗai ne ya yi tambayar da dukanmu muka ƙi yi. Da bai sami amsar da ta gamsar da shi ba, ya ce ba za a dafa shinkafar yaron a tukunyar gidansa ba, ya mayar da buhunan, ya ci gaba da feƙe katakonsa. Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya fi damuna har yau: unguwa ta juya wa uban baya. Aka ce taurin kai ne, aka ce baƙin ciki yake yi da ɗansa, aka haɗa dattawa a je a ba shi baki ya sa wa yaro albarka, kuma ina cikin waɗanda suka je. Ya saurare mu har muka gama, ya ce mana albarka ya daɗe da sa masa, shinkafa ce ba zai ci ba. Ba a yi shekara biyu ba kuɗin suka ƙafe yadda suka zo, aka sayar da motar, yaron ya bar gari, kuma bakunan da suka yi masa kirari su ne suka mai da shi misali a wurin wa'azi. Babu wanda ya koma ya ba kafintan nan haƙuri, har da ni, sai da aka daɗe.

Hasarar da ta fi taɓa ni ta faru a cikin shagona. Yaron da ya fi kowa hannu a cikin masu koyo, wanda nake sa ran in bar wa keke, ya ajiye almakashi bayan wata uku da wannan salla. Na zaunar da shi ina yi masa nasiha a kan haƙuri da albarkar sana'a, ya sunkuyar da kai har na gama, sannan ya ce: "Baba, ka yi mini afuwa. Tun da nake wurinka ban taɓa ganin ka tashi tsaye don wani tela ya shigo ba." Ban sami abin ce masa ba. Shekara huɗu ina koya masa yanka da kabu da baki, amma a rana ɗaya na nuna masa da ƙafafuna wanda ake girmamawa a garin nan.

Game da caca, doka tana nan: Dokar Caca ta 2006 ta kafa hukumar da ke ba da lasisi, ta kuma hana wanda bai kai shekara 18 ba shiga. Gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka ci a watan Agusta na 2023, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka soke shi a 2025. Da harajin da babu harajin, yaro yana kwance a ɗakin uwarsa zai tura kuɗi ta momo, wato asusun kuɗi na waya, ya sa a kan wasan da ake bugawa a Ingila. Amma kafin mu ɗora wa samari son banza su kaɗai, mu tuna Menzgold, kamfanin da ya yi ta alkawarin ribar kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari kowane wata har hukumar kula da hannayen jari ta dakatar da cinikinsa a watan Satumba na 2018. Waɗanda suka zuba dukiyarsu a ciki ba yaran bes ba ne, domin yaran bes ba su da abin zubawa. Manya ne masu furfura, 'yan kasuwa da ma'aikata da 'yan fansho. Duk wanda ya taɓa sayar da goro ko shinkafa a kasuwar Kejetia ya san babu cinikin da ke ninka jari a shekara ba faɗuwa ba damina ba rani, amma ido ya rufe. Zuciyar da ta tura dattijo can ita ce take tura jikansa shagon caca, bambancin kawai shi dattijon babu wanda ya yi huɗuba da shi.

Sai batun biki, wanda a nan ne cinikina yake, don haka ina magana ne a kan abincina. Gudummawar biki da suna asalinta taimakon juna ce: yau kin kawo mini, gobe in kai miki, kamar adashi. Yanzu kowane aure da yayinsa, wato zane iri ɗaya da mahalarta ke ɗinkawa, wani ma yayi biyu ko uku, na ranar lalle daban, na walima daban, kuma matar da ba ta saya ba ita ta san irin kallon da za ta sha. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 54 cikin ɗari, kuɗin turmin atamfa ya tashi, amma ban ga an rage yayi ko ɗaya ba, sai dai littafin bashina ya ƙara kauri. Na san matan da suka kwashe adashin da suka tara don kuɗin makarantar yara suka sayi leshin da za a sa sau ɗaya a jefa a akwati. Mu maza mun iya cewa wannan halin mata ne, amma mu ne muke ƙirga akwatunan lefe mu kwatanta da na gidan makwabci, kuma mu ne muke tambayar mai neman 'yarmu ko yana da ɗan'uwa boga, wato mai zama a ƙasar waje, a Jamus ko Amurka kafin mu tambayi sana'arsa. Saurayi da budurwa suna son juna, so irin wanda Allah ya halitta ya kuma buɗe masa ƙofar halal, sai mu toshe ƙofar da akwatuna har su kai shekara talatin da wani abu, sannan mu hau mumbari muna mamakin yadda alfasha ta yawaita. Wani ya gaji ya kama hanyar Agadas zuwa Libiya don ya tara kuɗin lefe, daga nan uwarsa ta shiga jiran waya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya ɗaya, kuma ya zo a hadisi cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta.

Na san abin da za a ce mini, domin na faɗa wa kaina shi sau da yawa. Za a ce addini ya hana zato da binciken asirin mutane, kuma haka ne, Suratul Hujurat ta faɗa a sarari. Ban nemi a laluba aljihun kowa ba, ban nemi a kira kowa ɓarawo ba. Amma tsakanin ƙin zargin mutum da ɗora shi a kan kujerar gaba ana yi masa kirari akwai fili mai faɗi, kuma a cikin wannan fili ake iya gaisawa da shi da mutunci, a bar shi ya zauna inda sa'anninsa suke zaune har lokaci ya nuna ko shi wane ne. Za a kuma ce bayyana sadaka halal ne, yana zaburar da wasu, kuma na shaida da alƙalamina cewa kuɗi sun fi taruwa idan ana kiran suna. Sai dai ayar nan ta Baƙara da ta yaba bayyanawa ita ce ta ce ɓoyewa a kai wa mabuƙata ya fi alheri, kuma a cikin surar aka gargaɗe mu da ɓata sadaka da gori da riya. Idan rufin masallaci ya tashi da wuri amma yaran da ke salla a ƙarƙashinsa suka koyi cewa da kuɗi ake sayen sahun gaba, to a ganina mun biya kwanon da tsada.

Akwai wata hujja da ba a cika faɗa a fili ba, wadda ita ce ta fi nauyi, kuma laifinta a wuyanmu mabiya yake. Yawancin limaman unguwanninmu ba su da albashi. Mutum ya ba da rayuwarsa ga karantarwa da jana'iza da raɗin suna da sulhun ma'aurata, mu bar shi da iyali da kuɗin haya da na asibiti, sai abin da wani mai hali ya miƙa masa bayan salla. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ji Hausawa, kuma rashin adalci ne mu bar malami cikin buƙata sannan mu yi tsammanin zai dubi wanda ke ciyar da shi ya tambaye shi asalin dukiyarsa. Shi ya sa roƙona na farko ga sarakuna shi ne a tsara yadda kowane magidanci da ke salla a masallaci zai riƙa ba da ɗan abu ƙayyadadde kowane wata, ta momo ko a hannu, a riƙe lissafi a fili, a yanka wa liman da ladan da malaman makaranta haƙƙinsu daga ciki. Limamin da mutum ɗari biyu suke ɗauke da shi harshensa ya fi sakewa a kan wanda mutum ɗaya yake ɗauke da shi.

Bayan haka ina roƙon a gwada, ko da na shekara ɗaya ne, a daina kiran adadin abin da kowa ya bayar a taron masallaci, a faɗi jimilla a ƙarshe a yi wa kowa addu'a baki ɗaya. Idan kuɗi suka ragu, za mu san gwargwadon abin da dama ba don Allah ake bayarwa ba, kuma sanin hakan ma riba ce. A kan biki kuwa ba doka nake nema ba, domin an sha yin dokar rage kashe kuɗi a garuruwa da yawa ta mutu a kan takarda. Sandar da ke hannunku ta fi doka ƙarfi, ita ce halartarku. Duk mai yin taro a zangon nan burinsa a ce sarki ya zo, liman ya zo. Ranar da aka ga kun tafi ɗaurin auren ɗan mai gyaran takalma da kanku, kun zauna kun ci abin da ya samu, kuka kuma aika wakili kawai zuwa bikin da aka yi yayi uku, mutane za su fahimta ba tare da an yi shela ba. Haka ma sarauta da naɗin rawani: a daɗe ana dubawa kafin a naɗa, domin rawanin da aka ɗora a kan dukiyar da ba a san tushenta ba yana rage darajar duk rawunan da ke gefensa.

Kuma tun da son girma ba ya fita daga zuciyar ɗan Adam, ni ban ga amfanin yaƙi da shi ba, gara a nuna masa hanya. Muna da makanikai a Suame Magazine da suka yaye yara hamsin kowanne yana cin abinci da hannunsa. Muna da mata masu waakye da suka kai 'ya'yansu jami'a da kuɗin tukunya. Muna da malaman allo da suka shekara arba'in a kan buzu ɗaya, da ungozomomi, da masu wankan gawa da haƙa kabari da babu mai tuna su sai ranar da aka buƙace su. Me zai hana a ranar gaisuwar salla a fada a kira irin waɗannan da sunansu, mai kirari ya yi musu kirari, a zaunar da su a kujera mai laushi, yara suna kallo daga bayan rumfa? Allah gafarta malamai, ba ni zan tuna muku dalilin saukar Suratu Abasa ba, da makahon nan Ibn Ummi Maktum da manyan Ƙuraishawa, ku kuka karantar da mu ita tun muna ƙanana.

Shi kuwa malamin makarantar nan, na gama rigarsa kwana shida bayan salla na kai masa har gida, na ce ya bar cikon kuɗin saboda saɓa alkawarin da na yi. Ya ƙi. Ya shiga ɗaki ya fito da ambulan ɗin nan, ya ƙirga mini cikona daidai, ya yi mini godiya a kan kyan aikin wuyan, bai ce komai a kan jinkirin ba. Tun daga lokacin na sa benci ɗaya dogo a shagona na fitar da kujerar baƙi, kuma yadi yana bin layin ranar da aka kawo shi. Na rasa wasu masu ɗinki a kan haka, wasu kuma sun yi fushi sun dawo. Littattafan gudummawa na shekarun da na riƙe suna nan a ajiye, kuma idan majalisa tana son ta ga yadda lissafin kwano yake idan aka jera shi da na makirfo, zan rufe sunayen da takarda in kawo su fada duk ranar da aka ba ni izini.

Allah ya ƙara wa sarakuna lafiya, ya gafarta wa malamai. Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
Wani tela a Aboabo, Kumasi